Rasuwar Tarakta, Kwamfutar Yaya

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da hannun da ya manta riƙon biro, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da Tarakta. Ta rasu ranar Talata da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a ɗakin ajiyar takardu na asibitin da nake gina wa manhaja, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Ba ni na saye ta ba, ta yayana ce. A kanta ya koya mini gina manhajar yanar gizo, yana tsaye a bayana yana dungure mini kai duk lokacin da na manta rufe baka a ƙarshen layin rubutu. Shi ya girka kayan aikin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya: wurin rubuta kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, baƙin allon ba da umarni, da 'yar sabar gwaji mai nuna mini shafi kafin idon kowa ya gan shi. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, shekara huɗu da suka wuce, sai ya turo mini ita daga gefen gado, ya ce, "Ƙanwata, kar ki ɗora ta a katifa. Ta ƙasa take numfashi." Wasiyyar ke nan, ban ji wata ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta da sauri, amma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. In na yi kuskure takan nuna mini layin da jan rubutu, ba ta tona mini asiri a gaban mutane. Abokan aiki ne suka laƙaba mata Tarakta saboda kukan fankarta. Da na ba ta umarnin haɗa manhaja sai ta ɗauki "wuuuu", har maƙwabcin teburina ya ce a kauce, za a yi huɗa. Harafin "e" ya goge daga madanninta tun zamanin Yaya, kusurwarta ta hagu kuma da salatif take riƙe.

A cikinta akwai fayil ɗin saiti wanda Yaya ya rubuta da hannunsa. Tsakanin layukan ya bar mini maganganu. A wani wuri ya rubuta, "In ta ƙi tashi, duba lambar tasha kafin ki fara kuka." A wani wurin, "Wannan layin na gyara shi sau uku, ki bar shi ya huta." Nakan buɗe fayil ɗin ko ba abin da zan gyara.

Ciwon ajalinta ya soma wata biyu da suka wuce. Batirinta ya kumbura har ya ɗaga madannai. Daga baya faifan ajiyarta ya fara wani ƙara, "ƙit, ƙit, ƙit", kamar mai neman a buɗe masa ƙofa. Maƙwabcin teburina ya ce, "Kwashe kayanki, wannan tsohuwar tana sallama." Na ce sai na gama aikin asibiti. Na san gaskiya ya faɗa. Kwashe kayan ne ya yi mini kama da haƙa kabari alhali mai shi yana numfashi.

Aikin kuwa manhaja ce ta masu ba da jini. Babbar nas ta asibitin ce ta nema, don in an buƙaci jini a danna a ga wanda ya dace da lambar wayarsa. Sabar asibitin, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe bayanan, ba ta iso ba, saboda haka mako uku muna zaune a baranda, tana gwada jinin mutane, ni ina shigar da sunayensu kai tsaye cikin Tarakta. Mutum ɗari huɗu da goma sha bakwai. Ba mu rubuta a takarda ba, domin na ce mata babu buƙata.

Ranar Talata sabar ta iso. Na zauna zan mayar da komai can. Na ba da umarni, fanka ta ɗauka, lissafi ya hau har kashi sittin da biyu. Sai ƙarar ta tsaya. Allon ya yi duhu, wani wari kamar na ƙonanniyar roba ya taso. Na danna maɓallin kunnawa har yatsana ya yi fari.

Mai gyara ya buɗe ta a gabana, ya kara faifan a kunnensa, ya girgiza kai. "Hajiya, allurar da ke karanta faifan ta kankare shi. Kina da kwafi a wani wuri?" Na sunkuyar da kai. Ya mayar da sukurorin cikin murfin kwalba, bai sake tambaya ba.

Washegari aka kawo wata mai naƙuda tana zubar da jini, kuma jininta irin wanda ba a cika samu ba ne. Babbar nas ta same ni a ɗakin takardu. "'Yata, na tuna mutum uku ne a jerinmu masu irin jininta. Ko lamba ɗaya ba ki riƙe ba?" Na ce, "Mama, ban riƙe ba." Ta dube ni, ta juya da gudu, ita da ke fama da gwiwa. Sai da yamma aka samo jinin daga wani asibiti mai nisa. Matar ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba. Likita ya ce ko da an samu da wuri, ba lallai ne a cece shi ba. Wannan "ba lallai ba" nake ta juyawa tun ranar, ban ga inda zan ajiye ta ba.

Marigayiya ba ta da laifi a wannan. Ta yi gargaɗi iyakar muryarta.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da linzamin kwamfuta mai makantar ido, da jakar da zif ɗinta ya mutu tun kafin ita. Ta bar kod ɗin manhajar, wanda ke ma'ajiyar intanet lafiya lau, amma maraya ne, ba saiti ba sunaye. Daga maganganun Yaya na iya tuno guda tara. Na san sun fi haka yawa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe a shagon mai gyara. Zai cire allonta ya sa wa kwamfutar wata ɗaliba. Batirin za a kai inda ake zubar da irinsa. Faifan kuwa a ba ni, zan tafi da shi gida.

Daga nan zan karɓi gaisuwa a barandar asibiti, ni da babbar nas, da sabon littafi mai kauri da biro biyu. Ana roƙon masu zuwa kada su ce mini "ai da kin yi kwafi", na riga na faɗa wa kaina. Duk wanda ya san ya ba mu sunansa, ya taimaka ya dawo, ya kuma faɗa wa na kusa da shi. Wanda bai taɓa bayarwa ba shi ma ya zo, ya karya kumallo sosai, ya sa riga mai saukin naɗe hannu.