Yadda Ake Wankin Allon Firigo a Dogon Dutsi

Kai da firigon matarka ya mutu, mai gyara ya buɗe bayansa ya ce kart ya ƙone, matso kusa. Kart shi ne allon nan mai siraran hanyoyin tagulla da wuta ke bi. A nan za ka koyi haɗa naka a gida, kuma na yi maka alkawari cikin mako guda sunanka zai kai Matankari. An gwada hanyar a kan Mushe Sallau (Mushe ake ce wa malamin boko a wajenmu), malamin kimiyya a nan Dogon Dutsi, wanda tsawonmu ɗaya, sanƙonmu ɗaya, amma ba ni ba ne.

Mataki na 1: Yi alkawari tun ba ka san aikin ba

Saura kwana shida sunan ɗan ƙanwar matarsa Zalihatu, ita kuma ta riga ta gaya wa dangi lemu-hari mai sanyi, wato ruwan lemu da citta, daga ɗakinta zai fito. Mai gyara ya ce a aika Yamai a sayo kart. Sallau ya gyara tabarau ya ce, "Yamai? Ina raye?"

Zalihatu ta ce, "Mushe, rediyon da ka kwance bara har yau cikin kwano yake."

Kada ka amsa irin wannan magana. Masu ilimi ba sa waiwaye.

Mataki na 2: Tara kaya

Nemi allon tagulla mai siririyar fata wadda haske ke lalatawa. Buga zanen hanyoyin a kan leda mai haske, ka sa sunanka a gefe don tarihi. Ɗebi sodar da matarka ke sabulu da ita. Sayi ruwan nan mai launin tawada da ke cin tagulla. Saura fitila mai shuɗin haske, irin wadda ake busar da fentin farce. Sallau ya aro ta Amira mai salon, ta dubi yatsunsa ta ce, "Tonton, wane kala za ka sa?" Daure, kimiyya ce.

Mataki na 3: Guji rana

Ranar garin nan tana yin aikin fitilar kyauta, shi ya sa ta zama abokiyar gabarka. Shiga ɗakin ajiya, toshe taga da buhu, ka kulle. Ɗora ledar a kan allo ka kunna fitila. Inda haske ya taɓa, fatar za ta fita a ruwan soda. Inda zane ya kare, tagulla za ta tsira idan ka tsoma allon a ruwan nan mai cin ta.

Minti nawa? Wani a intanet ya ce biyu, wani ya ce takwas. Sallau ya kunna, aka kira la'asar, ya fita, ya tsaya gaisawa da mutum bakwai. Allon farko ya fito fes kamar tire. Na biyu kuwa Zalihatu ce ta banko ƙofa tana neman turmi.

Mataki na 4: Bar matarka ta yi maka bayani

Ana saura kwana biyu, Inna Hure, gwaggon Zalihatu, ta iso daga Lugu a kan amalanke. Ta ga shuɗin haske na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa da rana tsaka, ta ji ruwa na motsi a kwano.

"Ke, mi mijin naki ka yi ciki?"

"Shina wankin allo, Inna."

Tsohuwa ta tuɓe takalmi. "Allo na malamai ne, wanga haske kau na mutanen ɓoye. Duka biyu ya haɗa? Kuma kuka ɓoye min, ga gwiwata wata uku ba ta lanƙwasuwa?"

Kafin Sallau ya fito, mata tara na zaune a tsakar gida, kowace da kofinta.

Mataki na 5: Hana su sha

Wannan kam ba wasa, ruwan nan mai launin tawada guba ne. Sallau ya juye shi a jarka, ya ɗaure bakin, ya zauna a kai.

"Inna, wallahi ba rubutu ba ne. Wanga ruwa ƙarfe yake ci!"

Inna Hure ta juya ga matan. "Kun ji ko? Har ƙarfe."

Lura da kyau: duk rantsuwar da ka yi, ƙarin daraja ce. Da ya ce shi fa malamin lakwal ne kawai, wato makarantar boko, sai wata ta ce manyan haka suke, ba sa faɗi.

Mataki na 6: Nuna sakamako da ƙarfin hali

Allo na uku ya fito da hanyoyinsa ras. Aibinsa ɗaya: Sallau ya kifa ledar, komai ya juya, har sunansa ya fara daga dama. Inna Hure ta leƙa ta ce, "Daga dama, yadda ya kamata." Ya liƙa kayan tsohon kart ɗin a kai, ya jona. Firigo ya yi tari sau ɗaya, ya saki hayaƙi, matan suka ce amin.

Mataki na 7: Karɓi abin da ya samu

Ranar suna Zalihatu ta fito da lemu-hari daga mataccen firigo, ɗumi kamar shayi, kanta a sunkuye tana jiran gori. Gori bai zo ba. Aka sha aka shafa a goshi, wasu suka ɗura a gora don na gida. Inna Hure ta yi rawa da gwiwar nan. Dangi suka ce ba a taɓa suna irin wannan ba.

Da baƙi suka watse, Sallau ya ce ya gano kuskurensa, gobe zai juya ledar. Zalihatu ta tsaya tsakaninsa da firigon.

"Mushe, mata huɗu sun ce in haɗa musu na bikinsu. Ka kuskura ka gyara shi, ka nemi inda za ka ci tuwo."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a hayaƙi, ƙonewar yatsa, ko sabon sunan da unguwa za ta liƙa maka. Wanda ya sha ruwan jarka, tsakaninsa da likita. Masu gwiwa da masu neman miji su daina tare ni a hanyar lakwal: na faɗa, ba ni ba ne.