Gemun Alaji Braimah da 'Yan Tsaki

Talata ce, cikin Maris. Sanyi, iska, ƙanƙara tana shirin sauka.

Alaji Braimah ya turo ƙofar shagon askin Souley da ke Port Richmond, a New York, rungume da kwali mai huji-huji. Kwalin sai tsuwwa yake.

"Ku bar cin kazar firiza," in ji shi. "Abin nan da ake sayar mana, soso ne aka sa wa fiffike. Kafin Sallah za ku ci kaza ta gaske. Ni da kuke gani, cikin kaji aka haife ni. Kaza ta yi tari, na san abin da ke damunta."

To, ka san halinmu. Duk tsohon da ya tsallako ƙasar nan, babban manomi ne a gida. Mu da muke zaune a shagon, ba wanda bai bar garken shanu a ƙauye ba, a baki dai. Braimah kuwa ɗan Nima ne, tsakiyar Accra. Abin da ya taɓa haɗa shi da kaza bai wuce korar ta daga gaban tukunyar kokon uwarsa ba.

Souley, mutumin Maraɗi, ya leƙa kwalin. 'Yan tsaki goma sha biyu, sun dunƙule wuri guda.

"Alaji, ka sayi jar fitilar nan da ake kunna musu?"

"Mai gonar a New Jersey ya so ya liƙa min ita. Na ce kakata ba ta san fitila ba, kuma kajinta sun fi nasa."

"Bon," in ji Souley da Faransancinsa. "Za su mutu."

Braimah ya ajiye kwalin, ya kama gemunsa da hannu biyu. "In ko ɗaya ya mutu, ka aske wannan."

Gemun nan ba na wasa ba ne. Ya sauko har ƙirji, yana shan mai da turare fiye da amarya. A layin direbobin tasi na filin jirgin JFK, in an ce "Gemu," kowa ya san motar wa ake nufi. Souley ya ɗauko aska ya fara wasa ta.

Braimah ya isa gida a Stapleton, ya wuce ɗakin ƙasa kai tsaye. Matarsa Tahiratu ta biyo shi har bakin matakala.

"Baban Mashud, me kake yi da murhun gashi na?"

"Ɗumi zan yi musu, irin na gida."

"A cikin ɗaki? Gawayi?"

"Ke dai koma girkinki. Wannan aikin masu sani ne."

Ya hura gawayi, ya ajiye kwali kusa, ya toshe taga da tsumma kada iska ta shigo. Ya zauna yana kallon aikinsa, yana gyaɗa kai. Bai daɗe ba sai kan ya fara juyawa da kansa. Ya ɗauka daɗi ne.

Sai ƙaramar na'urar nan ta gano hayaƙi da ke manne a rufin ɗaki ta kwarma ihu. Ta sama ta amsa. Ta wajen Chollom, maƙwabcinsu na bene, ita ma ta amsa. Kafin Braimah ya gama neman tsintsiyar da zai make ta, ga 'yan kwana-kwana sun cika titi da jiniya. Ƙarti masu gatari suka sauko, suka tarar da dattijo ɗaya, murhu ɗaya, da kwalin 'yan tsaki. Babbansu ya dubi murhun, ya dubi gemun, ya cire hularsa ya sosa kai. Suka fitar da gawayin, suka wangale duk ƙofofi da tagogi, suka kashe tukunyar ɗumama gida, suka ce kada a kunna sai an zo an duba ta.

Yanzu fa gida ya koma firiza, ga ƙanƙara ta sauko, hanya ta toshe. Fitilar da ya raina tana can New Jersey.

'Yan tsaki suka fara rawar ɗari. Braimah ya shafa gemu, ya ruga kicin. Tahiratu ta shigo ta same shi durƙushe gaban obin ɗin gasa abinci, yana tura kwalin ciki.

"Ei! Yau za mu ci su? Ai ko miya ba za su yi ba."

"Kaɗan zan kunna."

"Kunna ka gani, in kira ƙartin nan su dawo. Ba su yi nisa ba."

Ya ja kwalin baya. Ya nemi na'urarta ta busar da gashi. Da ya danna, iska ta kwashi 'yan tsaki uku ta watsa su ƙarƙashin kujera. Alaji guda, da rarrafe, yana kiran su da sunayen da bai taɓa kiran 'ya'yansa da su ba. Ɗaya ya fito a sandare, ido a rufe. Braimah ya ji sanyin askar Souley a haɓarsa. Ya yi ta hura masa iskar baki, yana roƙonsa, har ɗan banzan ya motsa ƙafa.

Tahiratu ta ɗaura gyale, ta ɗauki jakarta. "Ni na tafi wajen ƙawata Akua, gidansu da ɗumi. Sarkin Kaji, a kwana lafiya."

"Su kuma fa?"

"Kakarka da me take ɗumama nata?"

Sai yanzu Braimah ya tuna. Kakarsa ba ta taɓa ɗumama ɗan tsako ba. Uwarsu ce take rufe su da jikinta.

Ya duba hagu, ya duba dama. Ba wata uwa a gidan sai shi.

Ya sa babbar rigar sanyi, ya ɗaure ƙugu da ɗankwalin Tahiratu, ya zuba su ciki ɗaya bayan ɗaya, ya kishingiɗa a kujera bai yarda ya juya ba. Su kuwa suka yi ta hawa suna neman inda ya fi laushi da ɗumi. Suka same shi: gemun. Suka shige ciki gaba ɗayansu, suka kwana, suka yi duk abin da ɗan tsako yake yi in ya ƙoshi.

Da safe ya wanke da sabulu. Ya wanke da omo. Ya zazzage kwalbar turare. Abin ya daskare kamar siminti, warin kuma sai da ya kori kyanwar Chollom daga matakala.

Ya naɗe fuska da rawani, ya ɗauki kwali, ya taka cikin ƙanƙara har Port Richmond. Muna nan zaune. Souley ya buɗe kwalin, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Sha biyu. Alaji, ka ci! Ba wanda ya mutu. Gemunka ya tsira."

Braimah ya hau kujerar aski, ya warware rawanin. Duk muka ja da baya.

"Toshe hanci," in ji shi. "Aske."