Ranar da Darakta Falalu Ya Firgita Ƙauye Guda

A shekarar 1977, duk faɗin ƙasar Kazaure, daga duwatsun Roni har iyakar Ɓaɓura, babu wanda ya san sirrin tsoro kamar Malam Falalu. Shi ne malamin zane a wata makarantar horon malamai, kuma shi kaɗai aka taɓa turawa Zariya kwas na mako biyu kan koyarwa da majigi. Ya dawo da takardar shaida, da baƙin tabarau, da farar hula mai baki, da 'yar na'urar ɗaukar fim da gwamnati ta saya lokacin da kuɗin mai ya rasa inda zai shiga. Tun daga nan ya daina amsa Malam, sai Darakta. Ɗalibai kuwa a bayan idonsa Ƙasar-Waje suke ce masa, don ba ya buɗe baki bai ce "a ƙasar waje" ba. Kuma ba ƙarya yake ba: ya taɓa zuwa ɗaurin aure Magarya ta Nijar, har ya kashe sefa. Mu mutanen gari da ba mu fi shi sani ba, in ya wuce sai mu gyara tsayuwa. Shi da bakinsa yake ba da labarin nan yanzu, yana dafe kai.

Da zangon ƙarshe ya zo, ya tara 'yan ajin fita ya ce za su bar wa makaranta abin tarihi: fim ɗin ban tsoro, wanda za a haska ranar rabon kyaututtuka a gaban manyan baƙi.

Ya ce, "A ƙasar waje, minti ukun farko su ne fim. Doka ta ɗaya, wuri ya zama kango, shiru kamar an yi mutuwa. Ta biyu, mace ita kaɗai tana tafe tana waiwaye. Ta uku, ba a nuna dodo, inuwarsa ta isa. Ta huɗu, kafin sunan fim ya fito, sai an ga gawa. Akwai tambaya?"

Martina, ɗalibar da aka zaɓa ta zama gawar, ta ce, "Darakta, to bayan minti ukun fa?"

Ya ce wannan tambayar marasa ilmi ce. Gaskiyar ita ce fim ɗin da ke cikin na'urar minti uku ne cif, babu wani. Na'urar ba ta ɗaukar murya, kuma ba ta gani in rana ta faɗi. Don haka duk firgicin da rana tsaka za a yi shi.

Aka samo wani kangon rumbun gyada a wani ƙauye bayan Roni, gonaki sun zagaye shi, damina ta yi nisa. Ran Juma'a suka isa a motar makaranta mai lambar gwamnati. Darakta ya sauko da hularsa, bai gai da kowa ba, don a ƙasar waje darakta ba ya gaisuwa. Sama'ilu, shugaban ajin, ya kafa wa na'urar sandarta mai ƙafa uku. Darakta ya kanne ido ya leƙa gabas, ya leƙa yamma. Aka ja tef aka auna daga bakin kango har tsakiyar wata gonar gyada, aka kafa turaku masu jan fenti inda Martina za ta tsaya, da inda za ta faɗi. Ya rubuta komai a babban littafi.

Mutane suka fito suka yi cirko-cirko daga nesa. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka. Wani dattijo ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, har nan abin zai kawo?"

Darakta ya ce, "Har can ma. Gobe za mu dawo a gama komai. Kada in ga kowa a wurin nan."

A mota ya ce wa ɗalibai, "Kun ga aikin ilmi? Ko dodo ba mu fitar ba, gari ya mutu."

Washegari suka tarar da ƙauyen tsit, ko dakan hatsi babu. Gonar da aka kafa wa turaku an tumɓuke ta kaf, gyada ɗanya zube a ƙasa. Darakta ya ji daɗi, ya ce fili ya ƙara kama da kufai. Aka rufa wa Sama'ilu buhu ya zama dodo. Martina ta taho tana waiwaye, inuwa ta rufe ta, ta wage baki ta zube. Daga bayan darni aka ji mata sun fashe da kuka na gaske. Darakta ya gyara zaman hularsa. Ya fara tunanin ko Legas za ta iya ɗaukar mutum irinsa.

Yana rufe na'urar sai ga mai unguwa Haladu da dattawa biyar, ana janye da farin rago. Suka zube. Mai unguwa ya danƙa masa igiyar a hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba yawa. Mu dai a taimaka a karkata da ita ta bayan dutse."

"A karkata da me?"

"Hanyar, ranka ya daɗe. Ko dam ne? Bara ma haka masu awo suka zo maƙwabtanmu da ƙafa uku da jajayen turaku, ba a yi wata biyu ba katafila ta bi ta kan gero. Ga Kawu nan, jiya shi da iyalinsa suka cire gyadarsu ba ta nuna ba, don kada a rasa duka."

Darakta ya duba, ashe dattijon jiya ne. Kawu bai ɗago ba, ƙasa ce cike da faratansa. A karon farko cikin wata shida, Malam Falalu ya cire tabarau.

Martina ce ta tashi daga mutuwa, ta kakkaɓe zanenta, ta durƙusa ta yi bayani: ba hanya, ba dam, wasan makaranta ne.

Malam Falalu ya ba Kawu haƙuri, ya ce laifinsa ne, zai ɗauki nauyin asarar. Amma ragowar girman da ke maƙale a wuyansa ta hana shi yin shiru. Ya ce, "To... amma dai dodon ya ɗan taɓa ku ko?"

Mai unguwa ya ce, "Wane dodo? Au, wannan na cikin buhu? Ai cewa muka yi lebura ne ya yi laifi ake horar da shi."

Ya miƙe daga durƙuson, ya kaɗe gwiwoyinsa, ya sa hannu a hankali ya zare igiyar ragon daga hannun Darakta. Sannan ya juya wajen darni ya ɗaga murya.

"Ku fito ku ci gaba da daka, jama'a! Ba kowa ba ne. Malamin makaranta ne."