Jan Sama da Yamma

Ana gobe bikin ƙanwata Rifkatu, muna zaune a tsakar gida a Samaru, Baba ya ce a je Sabon Gari a hayo rumfuna, don damina ba ta gama sallama ba. Ni kuwa, malamin Turanci guda, na ɗaga kai na ga sama ta yi jawur. Na gyara murya.

"Baba, ku kwantar da hankalinku. Turawa sun ce jan sama da yamma, murnar makiyayi. Gobe ko ɗigo ba za a yi ba."

"Makiyayin ina?"

"Na Ingila."

Baba ya bar maganar rumfuna. Na ɗauka hujja ce ta ɗaure shi.

Washegari, fasto na cikin sa albarka, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Shinkafa ta koma kunu, kwalliyar amarya ta gangaro har haɓa, dangin ango suka kifa kujeru a ka. Rifkatu kuwa kallona kawai ta yi.

Yanzu 'yarta tana firamare. Da hadari ya haɗu sai ta rugo: "Kawu Makiyayi, Mama ta ce a kwashe shanya, ko Turawa sun hana?"