Ranar Da Na Tara Jama'a Kallon Ƙwaro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zaunar da rabin unguwa a bakin tafki don su kalli ƙwaro yana cin abinci ba.

Lokacin ina sabon ma'aikaci a wani ofishin gona a Jimeta, 'yan gudun hijira sun cika gari. Wasunsu sun samu fili a bayan unguwar Rumde suna noman rani, amma kainuwa ta toshe hanyar ruwa, alayyahonsu yana ta bushewa. Oga ya miƙo mini bokiti cike da wasu baƙaƙen ƙwari, ya ce kainuwa kaɗai suke ci, in kai in zuba. Ya shige mota ya tafi taro. (Ban gane komai ba, amma na gyaɗa kai kamar ni na haifi ƙwarin.)

Na tarar Jauro, mai unguwar, ya tara gayya za a kwashe ciyawar da hannu. Ni da bakina na ce kowa ya huta, ilimi ya zo. Na juye bokitin, ƙwarin suka shige ƙarƙashin ganye, shi ke nan.

Muka zauna. Mata suka shimfiɗa tabarma, mai awara ta matso da kaskonta. Ina kallon kainuwa, jama'a suna kallona. Rana ta take, ko ganye ɗaya bai motsa ba. Na fara tunanin ko nutsewa suka yi, ko kuwa akwai abin da ake karanta musu kafin su fara.

Mama Rifkatu, wata dattijuwa da gonarta ta fi ta kowa bushewa, ta matso. "Ɗana, wannan ƙwaro naka, ya ci abinci ne kafin ya zo?"

Don in wanke kaina na kira oga, na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Na tambaye shi ƙarfe nawa za su gama.

"Ƙarfe nawa? Sai sun yi ƙwai, sun ga jikoki. Ka ba su shekaru."

Ba wanda ya yi dariya, wannan kuwa ya fi ciwo. Jauro ya dubi rana, ya dubi 'yan gayyar da rabinsu ya watse, ya ce in cire takalmi. Da wandon ofis na shiga ruwan, ina jidar kainuwa da ƙwarin oga a ciki, kunya ta ishe ni. Sai gab da magariba ruwa ya isa gonar Mama Rifkatu.

Tun daga ranar, duk abin da aka ce mini zai yi aiki, sai na tambayi yaushe kafin in hana wani yin nasa.