Laimar Kwaɗi a Cikin Baƙar Leda

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na kusa zama shugabar layi a kamfanin biskit ɗin da nake aiki a Challawa, a Kano, ba. Na ce "kusa" ne saboda baƙar leda guda ɗaya ta raba ni da muƙamin, kuma da hannuna na ƙulle ta.

A satin da abin ya faru ne sufabaizanmu, Malam Sabo, ya ce ranar Juma'a zai zaɓi wadda za ta riƙe layin shirya kwali. Mu biyu ake magana, ni da Hauwa. Na fi ta zafin nama, kowa ya sani, ni ma na sha faɗa (ciwona ke nan, ba na iya jira wani ya yabe ni).

Akwai wata dattijuwa a layinmu, Mama Saratu, 'yar kudancin Kaduna, a Panshekara take zaune kamar ni. Wata rana muna cin abinci a bakin ƙofar kamfani ta buɗe kularta, ƙamshi ya buge ni. Na leƙa miyar.

"Mama, wannan ai laimar kwaɗi ce. Mu takawa muke mu wuce."

"Mu naman kaza muke ce masa. Ɗanɗana tukuna, sannan ki yi wa'azin."

Na ɗanɗana. Sai da na cinye mata rabin tuwo. Daga nan na ɗaga mata hankali sai ta kai ni inda take tsinko shi.

Aka kwana ana ruwa, safiyar Alhamis ɗin satin ta ƙwanƙwasa mana ƙofa bayan asuba. Ranar hutunta ce, ni kuwa ƙarfe takwas zan shiga aiki. Muka bi ta gonaki har wani ɗan kurmi a gefen kogi. Gaskiya wurin ya yi mini daɗi. Ganye na ɗigar ruwa, ƙasa na ƙamshi, bututun hayaƙin kamfanoni can nesa kamar ba su san da mu ba. Mama ta durƙusa gindin wata bishiya ta yaye busassun ganye da yatsa. Ga su nan a jere, ruwan ɗorawa, kowanne kamar ƙaramin mazurari.

Ta yi mini karatu a tsanake. Da wuƙa ake yanka, a bar gindin a ƙasa. Kowanne na samu in nuna mata, don akwai mai kisa. Wanda ya tsufa ya yi laushi a bar wa tsutsa abinta. Ni kuwa ina "to, to" ina duba agogon waya. Tana juya baya ina kwashe tsofaffin da ta ƙi, don nawa ya fi nata yawa.

Da za mu rabu ta ga na zaro baƙar leda.

"'Yata, numfashi yake yi. A kwando ake sa shi. Kawo in tafi miki da shi gida, in kin tashi ki biyo."

"Mama, ni ba zan yi wannan zagayen ba. Kuma ba zan shiga kamfani da kwando kamar mai tallan yalo ba."

Ta bi ni da ido. Na zuba shi a jiƙe, na ƙulle ledar har sau biyu.

Dokar kamfanin abinci kowa ya san ta, ba a shiga ɗakin canza kaya da abin ci na waje. Don haka na cusa ledar can ƙasan lokata, ɗan akwatin da nake ajiye kayan aiki, bayan tsofaffin takalman roba. Lokar ta ƙarfe ce, kuma jingine take da bangon ɗakin gasa biskit. Da aka tashi na ji motar ma'aikata na shirin tafiya, na fizgi jakata na ruga. Ledar ko a raina.

Juma'a da safe ba a iya tsayuwa a ɗakin. 'Yan mata suka ce iska ce ta kwaso warin kamfanonin fata. Na ce a'a, shekarata uku a Challawa, na san warin jima, wannan na cikin gida ne, akwai ƙazama a cikinmu. (Har na buɗe lokata na ɗauki rigar aiki, na ji abin ya ƙaru, na ce lallai daga ta Hauwa ne, tunda tana jikin tawa. Allah ya sani, har daɗi na ji.)

Na ga dama ta samu in nuna halin shugabanci. Da ƙafata na je wurin Malam Sabo.

"Malam, ku sa a buɗe lokar kowa. A kamfanin abinci muke, ba a bola ba."

Ya gyaɗa kai, da alama na burge shi. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya tura mai gadi ta mata ciki. Ni na nuna mata inda za ta fara. Lokar Hauwa: sallaya a naɗe, man shafawa, carbi. Shi ke nan.

"Sai ta kusa da ita," in ji mai gadin. "Ta wace ce?"

Ina miƙa mata mukulli ina tunawa. Wallahi ji na yi kamar in haɗiye shi.

Ta janye takalman. Ledar ta kumbura kamar cikin mataccen akuya. Tana ɗagawa gindin ya ɓalle, wani baƙin ruwa mai yauƙi ya kwararo har kan takalmina, tsutsotsi na ta iyo a ciki. Babu wadda ta yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Malam Sabo ya toshe hanci da hularsa. "Malama, ba ke ce kika ce a buɗe ba?"

"Ni ce, Malam."

"To, Allah ya saka da alheri. Kin kama mana mai laifi."

Kafin a tafi masallaci aka sanar cewa Hauwa ce ta samu muƙamin. Umarninta na farko a matsayin shugaba, cikin ladabi ta ba da shi: ta miƙo mini bokiti da sabulu ta ce, "Yaya, ki fara da tawa, warin ya shiga sallayata."

Ina durƙushe ina dirza Mama Saratu ta zo ta tsaya a kaina. Na ɗauka jaje za ta yi mini.

"Har da tsofaffin kika kwasa ko? Na ga wurin fes."

Na ci gaba da dirza. Washegari ta kawo mini ƙaramin kwando, har yau da shi nake bin ta kurmin duk damina. A kamfani kuwa, sababbin ma'aikata da yawa ba su san sunana na yanka ba, Laimar Kwaɗi suka taras ana kirana.

Ban ce na daina saurin baki ba. Amma yanzu in na ji wari a wuri, sai na shinshina kayana tukuna kafin in je kiran Malam Sabo.