Ranar da Na Ladabtar da Akwatin Kawu

Ba zan taɓa mantawa da walimar saukar Alƙur'anin 'yar kawuna a Kwandiko ba, ko da na so mantawar. Zamanin kuɗin fetur ne, ina koyar da kimiyya a Birnin Kudu, ina yawo da jan biro a aljihun gaba kamar lambar girma.

Kawu Alhaji ya sayo janareta da lasifika daga Kano saboda abu ɗaya: Baba Malam, kakanmu, muryarsa ta dushe, kuma Inna, matarsa, da sauran matan cikin gida sun daɗe ba su ji addu'arsa ba. Tsakanin janaretan da lasifikar akwai wani akwati, sitabilaiza, mai ɗan inji a ciki da ake kira sarbo. Aikinsa ya auna wutar da ke fita, ya gwada ta da wadda ake so; in ta yi yawa ya ja wani ɗan hannu baya a kan naɗin waya, in ta gaza ya tura shi gaba. Na san wannan sarai (a allo dai).

To, janaretan na hawa da sauka, akwatin kuwa sai ƙiii, ƙiii, ba hutu.

"Malam, wannan abu lafiyarsa ƙalau?" in ji Kawu. "Kukansa ya fi na akuya."

Da na ce ƙalau yake, da an wuce wurin. Amma mutum ya yi boko a tambaye shi gaban jama'a, ya ce babu abin gyara? Na ce a bar ni da shi. Na buɗe, na jira hannun ya zo tsakiya, na cusa birona na tokare shi. Tsit. Har wani dattijo ya ce, "Ilimi ke nan!"

Baba Malam ya karɓi abin magana, ya yi basmala, ya fara salati. Daga cikin gida muka ji mata sun amsa. Sai janaretan ya yi wani gurnani, wutar ta taso, mai ja mata linzami kuwa na ɗaure shi. Lasifika ta ce fau, ta yi hayaƙi. Tsohon bai sani ba, ya ci gaba da addu'a cikin mataccen ƙarfe, mu na kusa kaɗai muke cewa amin.

Kawu ya buɗe akwatin, ya zaro biron a narke, ya ɗaga shi sama.

"Malam, ashe har akwati kake yi wa maki? Nawa ya ci?"

Aka yi dariya. Inna ce ba ta yi ba. Da na shiga gaishe ta cewa kawai ta yi, "Mun dai ji farkon." Kafin damina Baba Malam ya rasu.

Tun daga ranar, in na ga abu yana ta kai-komo yana gyara kuskurensa, nakan bar shi da kukansa. A gidan nan kaf, ni kaɗai ne na'urar da ba ta auna kanta ba.